Itacen Da Ya Faɗa Ruwa, Da Yadda A Ke Yanke Shi Da Zarton Inji

Darasi domin iyayen ƙasa da malamansu na ƙasar Tambuwal da Kebbe

Gulbin Zamfara ya kan taso daga gabas, ya biyo ta Anka da Gummi, ya ratsa ƙasar Kebbe, ya wuce Jega, kāna ya haɗu da Gulbin Rima. Kowace shekara, daga watan Yuli zuwa Satumba, gulbin nan da rafukan da ke zuba cikinsa su kan cika su batse. Ruwa ya kan ci gaɓa daga ƙarƙashi har saiwoyin itatuwa su fito fili, in iska ta taso sai maɗaci ko kanya ko giyayya ta kife cikin ruwa. Waɗansu su kan tsaya nan inda suka faɗi, waɗansu kuwa ruwa ya tafi da su har su maƙale a mashigi, ko gindin gada, ko bakin kwalbati.

A da, gatari kaɗai a ke da shi, aikin itace guda ya kan ci kwanaki. Yanzu zarton inji ya shigo ƙauyuka, abin da mutum goma ke yi a yini mutum guda na iya gamawa kafin azahar. Amma saurin nan shi ne haɗarinsa. Mai gatari yana da sararin ganin itace ya fara motsi ya kauce, mai inji kuwa sau da yawa ba ya samun wannan sarari. Saboda haka ya wajaba uban ƙasa ya san ka'idodin aikin nan, ko da shi ba zai taɓa riƙe inji da hannunsa ba, gama shi ne za a zo wa da ƙara in rai ya salwanta.

Ɓarnar da itacen ke yi

Ɓarna ta fari ita ce ta jiragen fito. Gungumen da ke kwance ƙarƙashin ruwa ba a ganinsa, balle da dare. A watan Yuni na 2023 duniya duka ta ji wannan labari, sa'ad da wani jirgi da ya ɗauko 'yan biki ya kife a Kogin Kwara wajen Patigi, mutum fiye da 100 suka rasu. Rahotanni sun nuna an yi wa jirgin lodi fiye da kima, tafiyar dare ce, kuma ya daki gungume cikin ruwa. Haka nan a tafkin Kainji, itatuwan da ruwa ya shanye tun da aka gama madatsar a 1968, kututturansu sun daɗe suna fasa jirage. Gulbin Zamfara bai kai Kwara girma ba, amma kwalekwalen da ke cikinsa ma bai kai jiragen Kwara ƙarfi ba.

Ta biyu ita ce toshewa. Itace guda in ya gitta a bakin kwalbati, sai ya tare kara da ciyawa da leda, ya zama madatsa. Ruwa ya rasa hanya, ya hau gonakin fadama, ko ya yanke hanyar mota.

Ta uku ita ce ta masu iyo da makiyaya. Rassan itace cikin ruwa mai gudu kamar rariya su ke: ruwa na wucewa, amma mutum ko dabba in ta shiga sai ruwa ya danne ta jikin rassan, ba ta iya fita.

Ba kowane itace a ke cirewa ba

Kada a ɗauka duk itacen da ke cikin ruwa abin kawarwa ne. Wanda ya kwanta a jikin gaɓa, tsawonsa na bin gulbi, nesa da hanyar jirgi da mashaya, sau da yawa amfaninsa ya fi ɓarnarsa. Yana rage ƙarfin ruwan da ke cin gaɓa, kifi kuma na samun maɓoya a ƙarƙashinsa. Sarkin Ruwa da masunta sun fi kowa sanin wannan, lalle ne a shawarce su. Waɗanda tilas a cire iri uku ne: wanda ke kan hanyar fito, da wanda ya tare gada ko kwalbati, da wanda ya karkatar da ruwa yana cin gona ko gefen gari.

Har wa yau, izinin cire itacen da ya faɗi ba izinin sare na tsaye ba ne. Mai inji in ya zo bakin gulbi ya ga maɗaci miƙaƙƙe, zuciyarsa ta kan raya masa katako. Itatuwan gaɓa kuwa su ne ke riƙe da ƙasa. In aka sare su bana, baɗi gaɓar ta zube. Don haka a sanar da malamin daji na ƙaramar hukuma kafin a fara, a ƙidaya itatuwan da za a taɓa, a shafa musu alama, in an gama a sake ƙidayawa.

Lokacin aiki

Lokacin aikin nan rani ne, daga Fabrairu zuwa Mayu, sa'ad da ruwa ya janye ƙwarai. Dalili biyu ne. Na ɗaya, ƙarfin ruwa ba ya ƙaruwa daidai da gudunsa, ya kan fi haka: in gudun ruwa ya ninka biyu, turin da ya ke yi wa itace ko ƙafar mutum ya kan ninka huɗu. Ruwan da ya kai gwiwa, in yana gudu sosai, ya isa ya kayar da ƙato.

Na biyu ya fi muhimmanci, kuma nan ne a kan yi babban kuskure. In aka je da damina aka yanke abin da ya fito saman ruwa kaɗai, an cire alamar da matuƙi ke gani ya kauce, an bar masa kututture ɓoye. Itacen da a da ke gargaɗi ya koma tarko. Wanda ya yi haka ya ƙara haɗari ne, bai rage ba. In larura ta sa aka rage rassa da damina, tilas a kafa doguwar sanda da ƙyalle a wurin, ko a ɗaura farar jarka da igiya, a kuma rubuta wurin domin a koma a ƙarasa da rani.

Sanin injin

Wani Bajamushe, Andreas Stihl, ya ƙera zarton lantarki a 1926, a 1929 kuma ya fito da mai aiki da fetur. Na farkon nan sai mutum biyu ke ɗauka. Sai wajen 1950 aka sami wanda mutum guda zai iya riƙewa. Sassansa uku ne: inji, da dogon ƙarfe shimfiɗaɗɗe wanda za a kira harshe cikin wannan darasi, da sarƙa mai haƙora da ke zagaya harshen. Sarƙar na gudun kimanin mita 20 cikin daƙiƙa guda, watau kafin mutum ya ƙifta ido ta gama ɓarnarta.

Injin irin na babur mai hayaƙi ne, a kan gauraya masa fetur da man inji na musamman. Ga yawancin na zamani awon shi ne kashi 50 na fetur da kashi 1 na mai, watau mililita 100 cikin lita 5, amma a bi abin da littafin maƙera ya faɗa. Akwai kuma tanki na biyu na man da ke shafe sarƙa.

Abu huɗu ya kamata uban ƙasa ya riƙe game da injin da ruwa:

1. Injin fetur ba a ƙera shi don nitsewa ba. In ruwa ya shiga ta inda ya ke shaƙar iska, nan take ya mutu, yana kuma iya lalacewa daga ciki. Zarton da a ke yanka da shi ƙarƙashin ruwa wani iri ne dabam, mai aiki da matsin mai ko na iska, aikin ƙwararrun masu nutso ne.

2. In harshe ya shiga ruwa, ruwa na wanke man sarƙa, sarƙar ta ci kanta da harshen. Man kuma ya bi ruwan da mutane da dabbobi ke sha. Kada a yarda a zuba baƙin mai da aka juye daga mota. Mai na tsiro ya fi dacewa kusa da ruwa. Zuba fetur kuwa sai a tudu, nesa da gaɓa, a kuma matsa aƙalla ƙafa 10 daga inda aka zuba kafin a tayar.

3. Itacen da ya daɗe cikin gulbi ɓawonsa cike ya ke da rairayi da laka, su kuwa suna dakushe haƙora nan da nan. A kankare wurin yanka da gatari, a wanke shi da bokiti, a riƙe magagari da sarƙa ta biyu. Sarƙa mai kaifi ta kan fitar da ɓarɓashi manya. In ta koma fitar da gari kamar dusa, ta dakushe, a tsaya a wasa.

4. Zarton lantarki mai waya da janareta haramun ne ga wannan aiki. Ruwa da lantarki ba sa haɗa hanya.

In inji ya faɗa ruwa, kada a yi ƙoƙarin tayar da shi. A cire fulogi, a kife shi, a ja igiya ruwan ya fita, a zubar da fetur ɗin cikin wani mazubi, a shanya matacin iska, a kai wa makaniki a ranar, tun tsatsa ba ta kama ba.

A jawo tukuna, kāna a yanka

Babbar ka'ida ita ce wannan: duk itacen da zai jawu zuwa tudu, a jawo shi, a yanka shi a busasshiyar ƙasa. A ɗaura masa sarƙa ko igiya mai ƙarfi, a ja da tarakta, ko shanun huɗa, ko taron jama'a. Sa'ad da a ke ja, kowa ya nisanci igiyar fiye da tsawonta, gama in ta tsinke ta kan dawo da ƙarfin da zai karya ƙashi.

In ya yi girman da ba zai jawu ba, sai a rage shi gunduwa gunduwa, kowace a ɗaure ta da igiya kafin a raba ta da uwar, domin kada ruwa ya tafi da ita ta je ta toshe gadar maƙwabta. A kula da nauyi. Ɗanyen gungume mai kaurin ƙafa 2 da tsawon ƙafa 3, in ya sha ruwa, ya kai nauyin buhun siminti 5 ko fiye. A cikin ruwa ya kan yi kamar ba shi da nauyi, sai an kawo shi gaɓa a ke gane gaskiyarsa.

Karanta itace kafin a taɓa shi

Itacen da ya faɗi ba a kwance ya ke lafiya ba. Kamar baka ne da aka ɗana: gefe guda a matse ya ke, ɗaya gefen a miƙe. In aka yanka gefen da ke matse, tsagar ta kan rufe ta kama harshe. In aka fara da gefen da ke miƙe, itacen ya kan tsage farat ɗaya ya yi bulala. Ka'ida ita ce a fara da gefen matsi, a shiga kimanin sulusin kauri, sa'an nan a ƙarasa daga gefen miƙewa.

In itace ya gitta rafi, kai da gindi duka a kan gaɓa, tsakiya na reto, to, samansa ne a matse. A fara daga sama. In ƙasan na cikin ruwa ba a iya ƙarasawa daga can, sai a buga weji na itace ko na roba cikin tsagar ta sama domin kada ta rufe, a ci gaba a hankali. Ba a yin amfani da wejin baƙin ƙarfe, don kada sarƙa ta taɓa shi.

In kuwa gindi ne kaɗai ke riƙe, kai na lilo a sarari, to, ƙasansa ne a matse. A fara daga ƙasa, a ƙarasa daga sama.

Amma ruwa ya kan rikita wannan lissafi. Sashen da ke cikin ruwa, ruwa na ɗaga shi sama, yana kuma tura shi gefe, har matsin ya koma inda ido bai zata ba. Don haka gwani ba ya dogara ga zato. Ya kan ɗan yanka kaɗan ya dubi tsagar: in tana buɗewa ya san inda ya ke, in tana rufewa ya zare harshe tun da wuri.

A fara da ƙananan rassa na can ƙarshe, a yi ta matsowa wajen gindi, rassan da itacen ya dogara a kansu a bar su sai daga baya. Gindin da ya tumɓuke da saiwoyinsa da ƙasarsa shi ne mafi haɗari: da zarar an raba shi da gangar itacen, ya kan koma raminsa da ƙarfi, ko ya kife gaba. Kada kowa ya tsaya cikin ramin ko kusa da shi, yara musamman.

In harshe ya maƙale, a kashe inji tukuna. Ba a fizga. A buɗe tsagar da weji ko a ɗaga itacen da sanda mai ƙarfi.

Tsayuwar mai yanka

Wanda ba shi da wurin kafa ƙafa biyu daram, ba shi da wurin yanka. Ba a yanka daga cikin kwalekwale, ba a yanka a tsaye kan gungumen da ke cikin ruwa, ba a ɗaga inji sama da kafaɗa. In ruwa ya wuce gwiwa, ko yana da gudun da zai tura mutum, a dakata. A ruwa marar zurfi mai tafiya a hankali, mai yanka ya tsaya ta gefen da ruwa ke fitowa, domin in gunduwa ta saki ta tafi gaba, ba kansa ba. A tudu mai gangare kuwa ya tsaya ta sama. Kafin ya tayar da inji ya san inda zai ja da baya, a kuma share masa wurin.

Ya kiyayi ƙarshen harshe, wajen samansa. In wurin nan ya taɓa reshe, injin ya kan yi tsalle ya dawo wajen fuska. Cikin ruwa mai laka rassa a ɓoye su ke, saboda haka haɗarin ya fi yawa. A riƙe inji da hannu biyu, babban yatsa ya zagaye mariƙi, a kuma gwada birkin sarƙa kowace safiya. Injin da birkinsa ya mutu kada ya sauka bakin gulbi.

Kayan jikinsa su ne hular kwano, da tabarau ko ragar fuska, da abin toshe kunne, da safar hannu, da takalmi mai ƙarfi, da wandon kariya in an samu. Babbar riga da rawani da silifa ba kayan wannan aiki ba ne. Duk mai aiki kusa da zurfi ya sa rigar ruwa. Kafin a fara a bubbuga itacen da doguwar sanda saboda maciji da zuma. Wanda ya daɗe cikin ruwan kwance, in daga baya ya ga jini a fitsarinsa, ya je asibiti, tsagiya ce, tana kuwa da magani.

Mai yanka ba ya aiki shi kaɗai. Lalle a sami mai tsaro wanda ba shi da wani aiki sai kallon itace da ruwa, da igiyar jefawa a hannunsa, da alamar tsayawa da suka shirya tun farko, gama ƙarar inji ba ta barin a ji kira. A ajiye tsabtataccen ƙyalle da abin hawa a kusa. In an yi rauni, a danne wurin da ƙarfi, kada a saki, kada a zuba ƙasa ko toka, a nufi asibiti mafi kusa.

Aikin uban ƙasa

Da kaka, in ruwa ya fara ja, uban ƙasa ya umarci masu gari da Sarkin Ruwa su zaga su kawo labarin kowane itace da ya faɗa. Ya kai rahoto ga ƙaramar hukuma da Majalisar Sarkin Musulmi. Abin da ya shafi gada ko kwalbatin babbar hanya a sanar da ma'aikatar ayyuka. Abin da ya fi ƙarfin gari a kai ga hukumar agajin gaggawa ta jiha, ko hukumar hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, wadda aka kafa a 1997. Wurin da tsaronsa ke da shakka, kada a tura kowa sai da sanin jami'an tsaro.

Ya zaɓi mai inji da aka san aikinsa, ba mai araha kaɗai ba. Ladan a yanke shi bisa aikin da aka gama, har da fitar da kututture, kada a biya shi da katako, gama wanda a ke biya da katako gangar kaɗai zai ɗauka ya bar sauran cikin ruwa. A yi shela ranar aiki, a tsayar da fito, a nisantar da 'yan kallo.

Itacen da aka yanka a kwashe shi zuwa inda ambaliya ba ta kaiwa. In aka bar shi a gaɓa, ruwan baɗi zai mayar da shi inda aka ɗauko shi. A daidaita da mai gona da malamin daji a kan rabonsa tun kafin a fara. A kuma tara shi a gefen da gari ya ke, kada a bar shi ƙetare ya jawo yara. A watan Mayu na 2023, a ƙasar Shagari maƙwabciyar Tambuwal, yara 15 sun rasu da kwalekwalensu ya kife a hanyarsu ta zuwa neman itacen girki a hayi. A ƙarshe, inda itace ya faɗi a dasa waɗansu a farkon damina, a kewaye su da ƙaya.

Aikin malamin uban ƙasa

Malami ya buɗe littafi na musamman, kowane itace da layinsa. Ya rubuta ranar da aka kawo labari da wanda ya kawo. Da sunan wuri da mashigi mafi kusa. Da irin itacen da kimanin kaurinsa. Da ɓarnar da ya ke yi. Da ko an sa masa alama. Da lambar izinin malamin daji. Da sunan mai inji da na mai tsaronsa. Da ranar da aka gama. Da inda aka kai itacen. Layi na ƙarshe shi ne mafi girma: ko an bar kututture, ko ba a bari ba. Kada malami ya rufe layin bisa faɗar mai inji, sai Sarkin Ruwa ya je ya tabbatar da gorarsa. Kafin ruwan farko ya sauka, a karanta wa matuƙa jirage wuraren da aikinsu bai ƙare ba.

Tambayoyi domin bita

1. Waɗanne itatuwa uku ne tilas a cire, wane ne kuma ya fi kyau a bari?

2. Me ya sa yanke saman itace da damina ke ƙara haɗari?

3. Itacen da ya gitta rafi, kai da gindi a kan gaɓa, daga ina a ke fara yanka shi?

4. Don me ba a biyan mai inji da katako?

5. Wane ne ke tabbatar wa malami cewa ba a bar kututture ba?

Rigakafi ya fi magani. Uban ƙasan da ya sa aka yi aikin nan da rani, bisa tsari, ya huta da fargaba in gulbi ya kawo.